Yadda Jami'o'in Amurka Suka Mallaki Sunayensu a Kasuwa

Wanda ya shiga kantin kayan ɗalibai a wata babbar jami'ar Amurka zai tarar da rigunan sanyi da hulunan hana-salla da kofunan shayi, kowanne ɗauke da tambarin makarantar, kuma a jikin kowanne an maƙala wata 'yar takarda mai walƙiya da ke shaida cewa da izini aka yi shi. Takardar nan na nufin kamfanin da ya ɗinka rigar ya nemi lasisi, ya kai samfuri an duba, ya kuma amince zai riƙa biyan wani kaso na cinikinsa. Mutane da yawa na ɗauka haka abin yake tun fil azal, alhali kuwa al'adar ba ta wuce shekaru hamsin da 'yan kai ba. Tarihinta ya nuna cewa kotuna da 'yan kasuwa ne suka gina wa jami'a wannan iko sannu a hankali, kuma abin da ya fi halatta shi shi ne nauyin da ya ɗora wa jami'ar daga baya.

Kafin shekarun 1970, duk mai injin buga rubutu kan yi rigarsa ya kai bakin filin wasa ya sayar, makaranta kuma na kallon hakan a matsayin talla ta kyauta. Kamfanin Champion ya fara buga sunan Jami'ar Pittsburgh a jikin tufafi tun 1936, ya shafe shekaru kusan arba'in da biyar bai biya ta ko sisi ba. Abin da ya sauya lissafi shi ne talabijin, wadda ta kai wasannin ɗalibai kowane gida, har cinikin riguna ya zama dukiyar da ido ke kai. Jami'ar UCLA ta kafa tsarin ba da lasisi a 1973, Jami'ar Jihar Ohio ta bi sahu a 1974. A 1981 kuma Bill Battle, wanda ya taɓa horar da ƙungiyar ƙwallon Jami'ar Tennessee, ya kafa kamfanin dillanci da ya zama Collegiate Licensing Company, ya fara da tsohon kocinsa Bear Bryant da Jami'ar Alabama. Dabararsa mai sauƙi ce: maimakon mai ɗinki ya bi makarantu ɗaya bayan ɗaya, sai ya je ofishi guda ya karɓi izinin da dama, dillali ya cire la'adarsa.

Sai dai doka ba ta ba da kai cikin sauƙi ba. Dokar tambarin kasuwanci ta Amurka ta 1946 an yi ta ne don kada a yaudari mai saye game da inda kaya suka fito. To wanda ya sayi rigar makarantarsa, yana zaton malamai ne suka ɗinka ta? Da Pittsburgh ta kai Champion ƙara bayan ƙungiyarta ta ci kofin ƙasa a 1976 har kasuwar rigunanta ta buɗe, alƙalin da ya saurari shari'ar ya goyi bayan kamfanin, bisa hujjar cewa mutane na sayen rigar ne don nuna ƙauna, ba ruwansu da wanda ya yi ta. Amma tun 1975 wata kotun ɗaukaka ƙara ta yanke akasin haka a shari'ar ƙungiyoyin wasan hoki da kamfanin Dallas Cap and Emblem mai saƙa bajo, kuma wannan fahimtar ce ta yi rinjaye. A 2008 kotun ta ƙara gaba, inda ta yarda cewa launuka ma, irin shunayya da ruwan zinare na Jami'ar Jihar Louisiana, na iya zama tambari ko da ba a rubuta sunan makarantar ba.

Masu suka suna da hujja mai ƙarfi. Sun ce hujjar jami'o'in tana zagaye ne kamar kare mai bin wutsiyarsa: da farko suka tilasta wa 'yan kasuwa karɓar lasisi, jama'a suka saba ganin takardar izini, sannan aka koma kotu aka ce ai jama'a na zaton kowace riga da izini take. Sun ƙara da cewa ɗalibai da magoya baya ne suka ba sunan daraja, ga shi su ake caja. Akwai gaskiya a ciki, kuma kwaɗayi ya sha wuce gona da iri. Jami'ar Alabama ta maka mai zane Daniel Moore a kotu saboda zana 'yan wasanta cikin rigunansu ja da fari, har sai da kotun ɗaukaka ƙara ta ce a 2012 'yancin faɗar albarkacin baki ya kare zanensa. Su kansu 'yan wasan da ake sayen riguna dominsu, sai a 2021 aka ba su damar cin moriyar sunayensu.

Duk da haka, komawa zamanin kowa ya buga abinsa ba zai fi alheri ba, domin lasisi ne ya samar da wanda za a kama da laifi. A ƙarshen shekarun 1990 ɗalibai suka fara juya wuyan rigunansu suna karanta sunan ƙasar da aka ɗinka su, suna tambayar nawa ake biyan matan da ke zaune gaban kekunan. Da yake jami'a na karɓar kuɗi, ba ta da bakin cewa babu ruwanta, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Jami'ar Duke ta fitar da ƙa'idojin kare ma'aikata ga masu lasisinta a 1998, aka kuma kafa ƙungiyar sa ido ta Worker Rights Consortium a 2000. Gwajin ya zo lokacin da kamfanin Russell Athletic ya rufe wata masana'antarsa a Honduras bayan ma'aikata sun kafa ƙungiyar ƙwadago. Jami'o'i kusan 100 suka yanke hulɗa da shi ko suka dakatar, kuma a Nuwamban 2009 ya amince ya mayar da ma'aikata kimanin 1,200 bakin aiki. Da a ce sunan makaranta na kowa ne, babu kwangilar da za a soke, babu kuma ofishin da ɗalibai za su je su zauna a ƙofarsa.

Ma'aunin da ya dace a auna jami'a da shi ke nan duk lokacin da ta ce suna ko launi nata ne. Idan ta yi amfani da ikon wajen korar mai zane ko ƙaramin mai shago, ta tabbatar da zargin masu suka. Idan kuwa ta san masana'antar da ke ɗinka rigarta, tana kuma shirye ta haƙura da kasonta ranar da aka zalunci mai ɗinkin, to takardar nan mai walƙiya ta cancanci kuɗin da mai saye ya ƙara a kanta.