Taswira a Kulle: Hujjar Buɗe Bayanan Ƙasa ga Jama'a

Har zuwa 2008, mai binciken da ke son hoto guda na tauraron ɗan'adam na Landsat 7 sai ya biya hukumar safiyon ƙasa ta Amurka kimanin dala 600. A wannan shekara hukumar ta cire kuɗin, ta zuba hotunan da aka tara tun 1972 a intanet, kowa ya ɗauka. Amfanin da aka samu ya wuce rangwamen farashi, domin irin tambayar da ake yi ita ma ta sauya. Da, mai bincike yana sayen hoto ɗaya ko biyu ya kwatanta. Yanzu yana jera na shekara arba'in ya bi sauyin daki-daki. Tafkin Chadi ya isa misali. An daɗe ana nuna hoton 1963, lokacin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, kusa da na shekarun farin 1980, ana cewa tafkin na gab da ƙafewa. Da aka samu jerin hotunan, sai aka ga ruwan yana ja yana dawowa, kuma tun shekarun 1990 bai ci gaba da raguwa yadda ake zato ba. Matsayin wannan maƙala shi ne, taswira da bayanan ƙasa da aka haɗa da dukiyar jama'a hakkin jama'a ne, kuma mai son ɓoye su shi ya kamata ya kawo hujja.

A Arewacin Nijeriya an ga haka a aikace wajen yaƙi da shan-inna. Masu allurar rigakafi sun daɗe suna aiki da taswirar da aka zana da hannu, wadda ke tsallake rugage da tungaye, wani lokaci ma mazaɓu biyu kowacce na ɗauka ƙauye kaza na ɗaya ne, yaran ƙauyen su tashi a tutar babu. Daga wajen 2012 aka shiga zana matsugunai daga hotunan sama, ana bin su ƙafa da ƙafa don tabbatar da sunayensu. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Ba taswira kaɗai ta yi wannan aiki ba, amma ragowar aikin, wato wuraren ƙauyuka, asibitoci, makarantu da iyakokin mazaɓu, yau yana shafin shirin GRID3 kyauta, kuma mai tsara rabon gidan sauro ko gina rijiya ba sai ya sake farawa daga tushe ba.

Tsofaffin taswirori kuwa labarinsu daban ne, domin yawancinsu ba sa gida. Hukumar safiyon da Birtaniya ta kafa a 1946 don ƙasashen da take mulka ta ɗauki hotunan sama fiye da miliyan ɗaya, har da na Nijeriya, kuma a Edinbara ta Sikotilan suke ajiye. Darajarsu ta fi bayyana a birni irin Kano. Zanen da Bature matafiyi Barth ya yi bayan zuwansa a 1851 ya nuna ganuwa, da Dala da Goron Dutse, da Jakara kwance a tsakiyar gari, da gonaki masu faɗi a cikin badala. Idan aka ɗora wannan zane da hotunan tsakiyar ƙarni na 20 a kan hoton yau, za a ga inda aka cinye ganuwa, da kududdufan da aka cike aka yi gini a kansu. Kududdufin nan da ake raina shi, shi ke shanye ruwan sama. Mai unguwar da ruwa ke shiga gidajen mutanensa kowace damina yana da hakkin ganin abin da ke wurin kafin a aza tubali.

Suka ta farko da ake yi wa wannan matsayi ita ce tsaro: kada a miƙa wa 'yan bindiga hanya. Amma ɗan bindigar da ya tashi a dajin ya fi kowace taswira sanin sa, kuma hoton kowane gari yana cikin Google Earth tun tuni. Abin da ya cancanci kariya shi ne bayanin mutum ɗaya ɗaya, kamar gidan da aka samu mai cuta ko sunan mai fili, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta tanadi wannan. Ana iya cire sunaye a saki sauran.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Taswira ba ta faɗin gaskiya tsirararta. Tana faɗin abin da mai zana ta ya gani, ko ya so a gani. Taswirar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Bature matafiyi Clapperton a Sakkwato a 1824, wadda aka buga a Landan a 1826, ta nuna kogin Kwara yana gangarawa gabas zuwa Masar, har wasu masana tarihi suna ganin da gangan aka yi haka don kada Turawa su gane mashigar kogin. Jami'in mulkin mallaka shi ma ya ja layin gunduma ne don sauƙin karɓar haraji, ba don ya san inda gonar wane ta tsaya ko inda burtali ya bi ba. Saboda haka ana fargabar cewa sakin irin waɗannan takardu zai tono rigingimun iyaka da suka kwanta. Fargabar tana da tushe, sai dai kullewa ba ta hana a yi amfani da takardar. Tana barin ta ne a hannun mai hanyar shiga ofishin filaye, ya fito da shafin da ya yi masa daɗi ranar shari'a. Idan taswirori uku na wuri ɗaya suna fili, saɓaninsu ma hujja ce ga alƙali cewa babu wadda za a ɗauka ita kaɗai.

Abin da wannan suka ke wajabtawa shi ne kada a saki taswira ba tare da tarihinta ba: wa ya zana ta, a wace shekara, da wane ma'auni, don wace bukata, kuma ya taka wurin ne ko labari aka ba shi. Haka nan a saki bayanan a sigar da kwamfuta za ta iya ɗora su kan wasu, ba hoton takarda kawai ba, kuma a haɗa sunayen da Turawa suka rubuta, irin su Sokoto da Zungeru, da yadda masu wurin ke faɗa, domin ɗalibin da ya nemi Sakkwato ya same ta.