Blacas: Bafaden da Ya Tara Fuskokin Sarakuna

Hausawa kan ce sarki goma zamani goma. Tarihin Pierre de Blacas, wani ɗan sarauta na ƙasar Faransa, ya nuna mana abin da kan sami bafade idan zamanin ubangidansa ya juya, da kuma abin da kan saura bayansa.

An haifi Blacas a shekarar 1771 a yankin Provence, kudancin Faransa, cikin tsohon gidan sarauta. Kamar yadda 'ya'yan manya suka saba a lokacin, ya shiga soja yana saurayi, ya zama ƙaramin hafsa a rundunar mahaya dawaki. Bai daɗe bisa sirdi ba juyin juya halin 1789 ya ɓarke. A 1790 ya tsere daga ƙasar, a 1793 kuwa aka fille kan Sarki Luwi na 16.

Daga nan Blacas ya bi ƙanen mamacin, watau Luwi na 18, sarkin da ba shi da gadon sarauta, ya zauna tare da shi gudun hijira a Ingila, har ya zama babban amininsa. Da mulkin Napoliyon ya faɗi a 1814, Luwi ya koma Faris ya naɗa shi ministan gidan sarki. Wanda duk ke son ganin sarki sai ya bi ta hannunsa, to, daga nan fa baƙin jininsa ya soma. A 1815 Napoliyon ya komo, sarki ya gudu zuwa birnin Ghent. Bayan yaƙin Watalu manyan ƙasa suka ɗora wa Blacas laifin kurakuran gwamnati, suka matsa sai an kawar da shi. Sarki ya sallame shi cikin mutunci, ya tura shi jakada Napoli, kana Roma.

Wannan kora ita ta zame masa gobarar Titi. Ƙasar Italiya cike take da kufai na Rumawa da Girkawa, ga shi kuma da dukiya da sarari. Sai ya duƙufa wajen sayen tsofaffin tsabar kuɗi, da duwatsu masu sassaƙa, da tukwanen Girka. Mai karatu zai ce, ina amfanin kuɗin da ba su sayen ko goro? Amsa ita ce tsaba shaida ce. Sarki kan buga sunansa da laƙabinsa a kanta, na Rum har da fuskarsa, dinarin Musulmi kuwa kan ɗauki sunan garin da aka buga shi da shekarar Hijira. Da irin wannan masana ke jera sarakuna, su kuma gyara kuskuren marubuta.

Sha'awarsa ba ta tsaya kan Turai ba. Ya tara kayan ƙasashen Musulmi masu yawa, har masanin Larabci Reinaud ya wallafa littafi a kansu a 1828. Cikinsu akwai wata butar tagulla mai adon azurfa, wadda Shuja'u ibn Man'a ya ƙera a birnin Mausil na Iraƙi a shekara ta 629 Hijira, daidai da 1232. Har ila yau shi ne ya tsaya wa Champollion, wanda ya gano sirrin rubutun Fir'aunan Masar a 1822, ya nemo masa kuɗin tafiya Turin a 1824 don ya nazarci kayan Masar da ke can.

A 1830 mutanen Faris suka tumɓuke Sarki Sharl na 10. Blacas ya sake ɗaura kaya ya bi shi. Sarkin ya mutu a Gorizia a 1836, shi kuwa ya mutu a Biyana a 1839, aka binne shi kusa da ubangidan nasa. Ɗansa Luwi ya ci gaba da tara tsaba, ya kuma fassara littafin Mommsen kan kuɗin Rumawa daga Jamusanci. Da ya mutu a 1866, gidan kayan tarihi na Biritaniya ya saye taskar a kan fam 48,000. Ta haka dukiyar bafaden Faransa ta ƙare a Landan.

Ba ma cewa Blacas gwarzon talakawa ne. Mutum ne mai ƙin canji, ya ƙare rayuwarsa wajen kare gidan sarautar da jama'arsa suka gaji da shi, gidan bai kuma sake hawa mulki ba. Amma abin da ya ɗauka hutu ne bayan aikin fada, shi ya fi aikin fadar ƙarko. Butar Mausil tana nan a Landan, masana na kiranta da sunansa, ɗaliban tarihi na karanta rubutun da ke jikinta. Muƙaminsa na minista kuwa sai mai tonon littattafai ke tunawa da shi.