Shaihu Umar (littafi)

Shaihu Umar gajeren littafin ƙagaggen labari ne na Hausa wanda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta lokacin yana malamin makaranta a Bauchi, tun kafin ya zama Firayim Ministan Najeriya. Labarin ya shafi wani yaro da aka sace aka mayar da shi bawa a ƙarshen ƙarni na 19, da kuma wahalar da mahaifiyarsa ta sha wajen nemansa.

Asali

A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta labarai da Hausar boko. Shaihu Umar na cikin littattafai biyar da aka buga bayan gasar. Sauran su ne Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci a 1967.

Labari

Shaihu Umar babban malami ne a garin Rauta, kusa da Bauchi. Wata rana almajiransa suka tambaye shi asalinsa, sai ya ba su tarihinsa. A Kagara aka haife shi, kuma maraya ya tashi. Mahaifiyarsa ta auri Makau, wani bafaden sarki. Bayan wani harin kamun bayi, fadawa suka yi wa Makau ƙazafi saboda hassada, sarki ya kore shi. Makau ya sami mafaka a Makarfi ta ƙasar Zazzau, garin da a yau yake hedikwatar ƙaramar hukuma mai maƙwabtaka da Ikara da Kudan a Jihar Kaduna.

Kafin iyalin su sake haɗuwa aka sace Umar yana ƙaramin yaro. Ya yi ta faɗawa hannu daban-daban har ya isa Kano, inda wani Balarabe ɗan kasuwa, Abdulkarim, ya karɓe shi. Abdulkarim ya ƙetara hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa shi a makaranta har ya zama malami. Ita kuwa mahaifiyar, da ta fita nemansa sai aka yaudare ta aka mayar da ita baiwa. Sun haɗu bayan shekaru da yawa, amma ta rasu ba da daɗewa ba.

Jigo

Babban jigon littafin shi ne bambancin da ke tsakanin ɗa da bawa, da yadda mutum kan rasa matsayinsa a rana ɗaya. Umar bai san abin da ake kira bauta ba lokacin da aka ɗauke shi. Duk wanda ya ba shi abinci da wurin kwana, a wurinsa mai kula da shi ne. Manya ne ke yanke ko shi ɗa ne ko kayan sayarwa, ba tare da ya yi laifin komai ba.

Littafin bai raba mutane gida biyu na kirki da na banza ba. Makau da aka zalunta shi ma maharin bayi ne. Abdulkarim da ya ilimantar da Umar yana cikin fataucin da ya raba shi da gida. Hanyar da ta kai yaron ga malanta ita ce ta kai mahaifiyarsa ga ƙasƙanci, duk da cewa dukansu 'yantattu aka haife su.

Wasan kwaikwayo da fim

Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da labarin wasan kwaikwayo. A 1976 Adamu Halilu ya shirya fim ɗinsa da Hausa. An gyara fim ɗin daga baya, aka nuna shi a bikin finafinai na birnin Berlin da ke Jamus a 2018.