Tarihin Gina Filayen Wasa da Kuɗin Gwamnati a Najeriya

Manyan filayen wasan ƙwallo na Najeriya, in ban da ƙalilan, daga baitulmalin gwamnati aka gina su, kuma al'adar ta faro ne tun zamanin gwamnatocin yankuna. Gwamnatin Yankin Yamma ce ta share fage da filin Liberty na Ibadan, wanda aka buɗe a 1960. A can ne ɗan damben Najeriya Dick Tiger ya doke Ba'amurke Gene Fullmer a 1963, ya riƙe kambunsa na duniya. Gwamnatin Arewa ita ma ta gina filin Ahmadu Bello a Kaduna a tsakiyar shekarun 1960. A wancan lokaci ana kallon filin wasa a matsayin tutar yanki, shaidar cewa ba a bar shi a baya ba.

Bayan yaƙin basasa, kuɗin man fetur ya sa gwamnatin tarayya ta karɓi ragama. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kammala babban filin ƙasa na Surulere a Legas a 1972, domin gasar wasannin Afirka ta 1973. A wannan fili ne Najeriya ta ci Aljeriya 3-0 a 1980, Shugaba Shehu Shagari ya miƙa wa kyaftin Christian Chukwu kofin Afirka na farko da ƙasar ta ɗauka.

Daga nan tsarin ya kafu: sai an samu baƙuncin babbar gasa ake fitar da kuɗin gini ko gyara. Gasar matasa ta duniya ta 1999 ta sa aka yi aiki a birane takwas, ciki har da Kano, Kaduna da Bauchi. Filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano ya karɓi wasannin wannan gasa, da kuma na kofin Afirka na 2000. Aiki mafi tsada shi ne filin Abuja mai ɗaukar 'yan kallo sama da 60,000, wanda gwamnatin Olusegun Obasanjo ta gina domin gasar wasannin Afirka ta 2003, a kan kimanin dala miliyan 360. Tun ana cikin ginin aka yi ta ce-ce-ku-ce, domin mutane da dama sun ga asibitoci da makarantu sun fi buƙatar kuɗin.

Matsalar da ta fi ci wa filayen tuwo a ƙwarya ita ce kulawa bayan an watse. Da aka koma filin Abuja, sai aka yi watsi da na Surulere: ciyawa ta cinye fili, kujeru suka karairaye, harabar ta koma wurin tarurruka da 'yan tireda. A 2023 ɗaya daga cikin dogayen turakun fitilunsa ya faɗi bayan ruwa da iska. Filin Abuja, wanda aka raɗa wa sunan Moshood Abiola a 2019, shi ma ciyawarsa ta mutu, har sai da Aliko Ɗangote ya ɗauki nauyin sake shimfiɗa ta. A watan Maris na 2022 fusatattun 'yan kallo suka yi wa filin ɓarna bayan Ghana ta hana Najeriya zuwa Kofin Duniya.

Tushen lamarin yana ga masu ƙungiyoyin ƙwallon da ke wasa a filayen. Kano Pillars, Katsina United, Wikki Tourists, El-Kanemi Warriors, Enyimba da Rangers duk na gwamnatocin jihohi ne. Kuɗin ƙofa bai taka kara ya karya ba, don haka ƙungiya ba ta iya riƙe fili, fili kuma ba ya iya ciyar da ƙungiya. Haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance. Duk gwamnan da ya janye hannu, su biyun ne ke durƙushewa.

Inda aka ware kuɗin kulawa, bambancin a bayyane yake. Filin Uyo mai kujeru 30,000, wanda gwamnatin Akwa Ibom ta buɗe a 2014, bai lalace ba, kuma a can 'yan wasan ƙasa, Super Eagles, suka buga wasanninsu na gida na neman shiga Kofin Duniya na 2026. Shi ya sa muhawarar yau ta koma kan tanadin kuɗin gyara na kowace shekara, da bai wa 'yan kasuwa hayar filaye bisa yarjejeniyar da za ta kare haƙƙin jama'ar da aka yi ginin da dukiyarsu.