Tafashiya da Tramol: Yadda Ƙwaya Ta Shiga Cikin Saiwa

A wannan fitowa za mu waiwayi tarihin maganin ciwo na itatuwa, domin akwai wani abu da ya faru a ƙasarmu ta arewacin Kamaru wanda da yawa cikinmu ba su ji labarinsa ba.

Neman sauƙin raɗaɗi daga tsirrai tsohon ilimi ne a wurin Musulmi. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayanin afiyun a littafinsa Al-Ƙanun: ya ce yana kashe zafin ciwo, kuma ya gargaɗi likita cewa in an wuce kima yana kisa. Ibn Baiɗar, masanin tsirrai ɗan Andalus da ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya tattara magunguna wajen 1,400. A nan kusa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya wallafa risaloli a kan ɗibbu, daga ciki akwai ta ciwon ido, da ta basur, da wata a kan ganyen filasko. Baffansa Malam Abdullahi na Gwandu shi ma ya rubuta Masalihul Insan, inda ya haɗa gyaran addini da gyaran jiki. A lura, waɗannan malamai ba su tsaya ga sunan itace kawai ba. Sukan faɗi gwargwadon da za a sha, da lokacinsa, da wanda bai kamata ya sha ba. Wannan ɓangaren ne masu tallar magani da lasifika a ranar kasuwa suka yar.

A gidajenmu kuwa ilimin ya zauna a hannun tsofaffi da wanzamai: kanumfari ga haƙori, citta ga ciwon gaɓoɓi, man kaɗanya ga targaɗe, ƙaho ga ciwon baya. Sai tafashiya, itacen nan mai faɗin ganye da jan 'ya'ya masu kamar dunƙulen tuwo, wanda ke fitowa a dazuzzukanmu daga Adamawa har kwarin Binuwai. Ana jiƙa saiwarta ko a dafa, a sha don zazzaɓi da ciwon ciki da ciwon jiki. Duk wanda ya taɓa kurɓa ba zai manta ɗacinta ba.

To, a shekarar 2013 sai tafashiya ta shiga bakin duniya. Wasu masana, ƙarƙashin wani mai bincike a birnin Grenoble na Faransa mai suna Michel De Waard, tare da malaman jami'o'in Kamaru, sun tace ɓawon saiwar da aka tono a arewacin ƙasar nan. Suka ce sun sami tramadol a ciki, wato abin da yaranmu ke kira tramol. Abin mamaki ne ƙwarai, don tramadol ba daga daji aka san shi ba. Kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya harhaɗa shi a ɗakin gwaji a 1962, ya fara sayar da shi a 1977. Jaridu suka ɗauka, ana cewa ga shi itacen Afirka ya riga Bature. Maganar ba ta rasa madogara ba, tunda asfirin ma asalinsa daga sinadarin ɓawon wata bishiya ne, kafin kamfanin Bayer ya gyara shi a 1897, mofin kuma daga afiyun aka ciro shi.

Murnar ba ta daɗe ba. A 2014 wani ayarin masana daga Dortmund, ƙarƙashin Michael Spiteller, tare da abokan aikinsu 'yan Kamaru, suka sake bin sawun maganar. Suka gwada tafashiyar kudancin ƙasa, ba su ga tramadol ba. Suka gwada ta arewa mai nisa, suka gani, amma ɗan kaɗan. Abin da ya fi tayar da hankali, sun same shi a saiwar wasu itatuwan da ba su da dangantaka da tafashiya, sun same shi a cikin ƙasa, har da ruwa. Da suka tambayi manoma sai bayani ya fito: mutane na shan ƙwayar don su jure aikin gona cikin rana, kuma suna ba shanun huɗa don kada su gaji. Dabba ta kwanta a inuwar itace ta yi fitsari da kashi, ƙasa ta shanye, saiwa ta tsotsa. Masanan farko ba su sallama nan take ba, sun kawo nasu hujjojin a 2015. Amma a 2016 mutanen Dortmund suka auna irin sinadarin gawayin da ke cikin tramadol ɗin da aka samu a ƙasa, gwajin da ke bambanta abin da tsiro mai rai ya gina da abin da aka yi daga man fetur. Sakamakon ya nuna na masana'anta ne.

Mu a ganinmu hujjar ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ba sai mun je Jamus ba kafin mu gaskata. Wane ne a Tignère ko Galim ko Garwa bai san inda ake sayar da tramol ba? A kan teburin mai shayi, a tasha, a aljihun ɗan acaɓa. Mun ga samari suna faɗuwa suna karkarwa kamar masu farfaɗiya, mun yi wa wasu sallar jana'iza bayan hatsarin babur. Ƙwayar da likita ke rubutawa ga wanda aka yi wa tiyata, da ƙidaya da wa'adi, ita ce ake jefawa biyu-uku a kofin shayi. Hukuncin shan abin da ke gusar da hankali ba don magani ba, ɗalibanmu sun karanta shi tun a Risala.

Wannan bai zubar da darajar tafashiya ba. Kakanninmu sun sha ta tun kafin 1962, kuma masu bincike sun sami wasu sinadarai nata na kanta a ciki, ana ci gaba da nazarinsu. Sai dai mai haƙar saiwa a yau yana da tambayar da mai haƙa a zamanin Modibbo Adama ba shi da ita: wane garke ne ya kwana a gindin wannan itace, kuma me aka ba shi?