Aikin Jarida a Nijar Bayan Mulkin Jam'iyya Ɗaya

Aikin jarida a Jamhuriyar Nijar ya shafe shekaru 30 na farkon 'yancin kai a hannun gwamnati, sai a 1990 aka buɗe fagen ga masu zaman kansu. Nijar ba ta taɓa bin tafarkin kwaminisanci ba, amma tsarin watsa labaranta ya yi kama da na ƙasashen da suka bi shi, kuma guguwar da ta rushe nasu ita ce ta girgiza nata.

An kafa Rediyon Nijar a 1958, aka kafa hukumar watsa labarai ta ORTN a 1967. Bayan juyin mulkin Seyni Kountché na 15 ga Afrilu 1974, jaridar gwamnati ta koma Le Sahel, rediyon kuma Muryar Sahel. Ɗan jarida a lokacin ma'aikacin gwamnati ne, albashinsa daga baitulmali yake fitowa, kuma labarinsa yakan fara da abin da shugaban ƙasa ya yi, ya sauko kan minista, ya ƙare kan mai mulkin jiha. Wanda ke son jin wani abu dabam a gari irin Dakoro sai ya murɗa akwatinsa zuwa gajeren zango: BBC da ta fara Hausa a 1957, Rediyon Jamus, Muryar Amurka, Rediyon Kaduna, har da Mosko da Bejin, domin su ma ƙasashen kwaminisanci sun yi zawarcin kunnen Bahaushe.

A 1989 katangar Balin ta faɗi, a Polan kuma jaridar Gazeta Wyborcza ta fito ba da bakin jam'iyya ba. Maƙwabciya Benin, wadda Mathieu Kérékou ya ɗora kan aƙidar Markisanci tun 1974, ta yi watsi da ita a Disamban 1989, ta kira taron ƙasa a Fabrairun 1990, jaridarta ta juyin juya hali Ehuzu ta zama La Nation. A watan nan ne, ranar 9 ga Fabrairu, jami'an tsaron Nijar suka buɗe wuta kan ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai. Cikin 'yan watanni Ibrahim Cheick Diop ya fito da jaridar Haské, wadda ta buɗe wa jaridu masu zaman kansu ƙofa. Maman Abou ya biyo da Le Républicain a 1991. Taron ƙasa da aka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991 ya haifi hukumar kula da sadarwa ta CSC.

Sai dai waɗannan jaridu da Faransanci ake rubuta su, a Yamai ake buga su, a can kuma ake sayar da mafi yawansu. Manomin Dakoro da makiyayin kwarin Tarka ba su san an yi ba sai da sauyin ya shiga rediyo. Tashar rediyon R&M ta fara aiki a 1994, Anfani ta Grémah Boucar ta biyo baya, ta kuma buɗe reshe a Maradi. A 1999 aka kafa rediyon karkara na farko a Bankilare, mai aiki da hasken rana, daga nan irinsa suka bazu a jihohi. A nan ne sana'ar ta sauya kama ƙwarai. Mai gabatar da shiri a irin wannan tasha sau da yawa malamin makaranta ne ko matashin gari da bai taɓa shiga makarantar koyon aikin jarida ta IFTIC a Yamai ba. Da safe ya karanta cigiyar raƙumi da sanarwar rasuwa, da rana ya faɗi farashin tiyar hatsi a kasuwa, da dare ya haɗa manomi da makiyayi su yi magana kan burtali da ranar sakin gonaki. Da wayar salula ta zo, mai sauraro ma ya samu baki.

Yunwar 2005 ta gwada wannan sabon fage. Dakoro na cikin garuruwan da likitocin MSF suka buɗe cibiyar jinyar yara masu tamowa, gwamnatin Mamadou Tandja kuwa ta dage cewa babu yunwa a ƙasar. Hotunan da BBC ta ɗauko daga Maradi a Yulin shekarar su ne suka ta da duniya, kuma a 2006 aka hana wata tawagar BBC ci gaba da ɗaukar rahoto kan batun.

'Yancin bai zo da abinci ba. Tallace-tallace kaɗan ne, mafi tsoka kuma a hannun gwamnati suke, don haka 'yan jarida da yawa na aiki ba takardar ɗauka, ba albashi tsayayye. Daga nan al'adar "kuɗin mota" ta samu gindin zama, wato ambulan da mai taro ke miƙawa bayan an kammala, kuma kowa ya san hannun da ya karɓa ba ya rubuta suka. Irin wannan ciwo ne ya kama jaridun gabashin Turai, inda attajirai suka maye gurbin jam'iyya.

Dokar kuwa tana tafiya ne da halin mai mulki. An rufe Anfani a lokacin zaɓen Ibrahim Baré na 1996. Moussa Kaka, wakilin rediyon Faransa RFI kuma shugaban Rediyo Saraounia, ya zauna a kurkuku daga Satumban 2007 zuwa Oktoban 2008 bisa zargin hulɗa da 'yan tawayen arewa. A 2010 gwamnatin riƙon ƙwarya ta Salou Djibo ta soke ɗauri kan laifukan jarida, a 2011 Mahamadou Issoufou ya sa hannu kan yarjejeniyar kare 'yancin jarida ta Table Mountain, aka mai da 30 ga Nuwamba ranar 'yancin jarida ta ƙasa. Dokar laifukan intanet ta 2019 ta dawo da ɗaurin ta bayan gida, da ita aka kama 'yar jarida Samira Sabou a 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an dakatar da RFI da France 24, a Yunin 2024 aka maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna ta intanet, wanda aka cire a 2022, a Disamban 2024 kuma aka dakatar da BBC na wata 3.