Gobero: lokacin da Tenere take da tabki



Kun san Tenere. Rairayi ne iya ganinka, ba ruwa, ba inuwa. To, a dā masunta sun zauna a can.

A shekarar 2000 wani masani daga Amurka, Paul Sereno, yana neman ƙasusuwan manyan dabbobin dā a jihar Agadas. Sai ayarinsa ya iske ƙasusuwan mutane da iska ta tone, a wani wuri da ake ce ma Gobero. A 2005 da 2006 aka koma aka yi tono. An samu kaburbura wajen 200 bisa tuddai. Ƙarƙashin tuddan nan, a dā tabki ne.

Yaya aka sani? Daga juji. Abin da mutum ya ci, jujinsa ba ya ɓoyewa. An samu ƙayar giwan ruwa, da ƙasusuwan kada da dorina, da ƙugiya da mashin kamun kifi na ƙashi, da tsingaron tukwane masu zane.

Mutanen farko sun zauna can tun wajen shekara 9700 da suka wuce. Dogaye ne, ƙaƙƙarfa, wasu sun kusa mita 2. Sai fari ya zo, tabki ya ƙafe, wajen shekara 1000 ba kowa.

Da ruwa ya dawo, wasu mutane suka zo, gajeru, marasa kauri. Masana sun zaci makiyaya ne zalla. Amma ƙashin shanu kaɗan ne a jujinsu. Kifi da naman daji sun fi yawa. Su ma a tuddan nan suka riƙa bizne mamatansu.

Ku tsaya nan, don a ganina nan ne labarin yake. Mai wucewa ba ya yin maƙabarta. Sai wanda ya zauna, ya san nasa. An iske wata yarinya da munduwar hauren dorina a damtsenta. An iske wani namiji bisa ƙoƙon kififiya. An kuma iske wata mace da yara 2 a kabari guda, suna fuskantar juna, hannuwansu haɗe. A ƙarƙashinsu akwai ƙurar furanni, alamar an yi masu shimfiɗar fure. Wajen shekara 5000 ke nan suna kwance haka.

Wajen shekara 4500 da suka wuce ruwa ya sake janyewa. Wannan karon tabkin bai dawo ba.